Lafiya uwar jiki: ciwon ƙugun da ya biyo bayan allura

A Sabon Gari na Maraɗi ciwon ƙugu abokin zaman kowa ne, daga ɗan kasuwa mai yini bisa benci har ma'aikaci mai yini a biro. Shi ya sa ake raina shi. Amma akwai wani iri wanda ba gajiya ba ce, ba kuma sanyi ba: wanda kan taso kwanaki ko makonni bayan allura ko wuƙar likita ta taɓa gadon baya.

Tun shekarar 2005 da gwamnati ta mai da aikin fid da jariri kyauta, mata da dama, har na Tibiri da Jiratawa, sun san allurar kashe ƙugu. Lokacin sanƙarau kuma, kamar annobar 2015, akan ɗebi ruwan baya domin awo. Ayyuka ne masu ceton rai, da wuya su jawo illa. Sai dai jefi-jefi wata ƙwayar cuta ta fata, stafilokok, takan bi allura ta shiga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Jini bai cika kai wa wurin ba, sai ta miƙe ƙafa, ta kama cin ƙashi.

Ciwon ba ya lafawa ko an kwanta, ya fi tsanani da dare, zazzaɓi kuwa wani sa'in babu shi. Hoton radiyo ba ya nuna kome a makonni biyun farko, nan ne ake ruɗuwa a nufi wanzami ya kafa ƙaho. Awon jini da hoton IRM su ke tona asirin cutar. Likita kan so ya ɗebo mugunya ya gane ƙwayar kafin ya rubuta magani, domin tarin fuka ma kan kama ƙashin baya, maganinsa kuwa dabam ne. Wanda ya riga ya sha kafson ƴan talla ya ɓata wannan sawu.

Yawanci magani na makonni shida ko fiye, da hutu, su kan wadatar. Amma idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to mugunya ta danne jijiya, kuma ba a kwana da wannan. Likitan tiyata zai buɗe wurin, ya kwashe ruɓaɓɓen nama, ya saki jijiyar, in ƙashi ya zaizaye ya ɗaure shi da ƙarfe. Jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba.