Shin bitar kwanaki za ta iya koyar da tsara manhaja mai sauƙin amfani?

A ƙarshen shekarar 2023 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da nufin horar da mutane miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, inda aka fara da rukunin mutane dubu 30.

Cikin darussan shirin har da tsara manhaja ta yadda mai amfani da ita zai gane ta ba tare da wahala ba, fannin da ake kira UX a taƙaice.

Shi dai wannan fanni ba rubuta umarnin kwamfuta ba ne. Aikin mai shi ne ya gano inda mutum ke rikicewa sa'ilin da yake son tura kuɗi, ko cike fom, ko rubuta jarrabawa, sa'annan ya gyara tsarin.

Masanin nan ɗan Amurka, Don Norman, shi ne ya yayata sunan fannin bayan ya kama aiki a kamfanin Apple a 1993.

Yadda bitar ke gudana

Salon koyar da fannin ta hanyar bita ya samu karɓuwa ne musamman daga Jami'ar Stanford da ke Amurka, inda attajirin Jamus Hasso Plattner ya bayar da dala miliyan 35 a 2005 domin cibiyar da aka fi sani da d.school.

Ɗaya daga cikin sanannun darussan cibiyar shi ne na jakar aljihu. Ana haɗa ɗalibai bibbiyu, kowa ya yi wa abokinsa tambayoyi game da abin da yake ajiyewa a jakarsa da dalilin ajiye shi, ya zana sabuwa, ya haɗa samfurinta da takarda, ya miƙa masa ya gwada.

Cikin ƙasa da sa'o'i 2 ɗalibi kan gano cewa abin da ya zata abokinsa na so ba shi ne yake so ba, darasin da ke da wuyar shiga ta hanyar lacca.

Ga jami'o'in da ke fama da ƙarancin kwamfuta da wutar lantarki, salon na da wata fa'ida. Matakin farko ba ya bukatar komai illa takarda da biro.

Gwajin ma ba ya bukatar taro. A 2000 masani Jakob Nielsen ya bayyana cewa gwada tsari a kan mutane 5 kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolinsa.

Darasi daga Kenya da Najeriya

Akwai misalai a nahiyar Afirka da ke nuna amfanin lura da masu amfani.

An fara gwada M-Pesa a Kenya a 2005 a matsayin hanyar biyan ƙananan basussuka ta wayar salula. Sai masu aikin suka lura cewa mutane na amfani da shi wajen tura wa juna kuɗi. A kan wannan bukata kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007.

A Najeriya kuwa, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, alhali ɗalibai da dama, musamman na karkara, ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. A 2017 hukumar ta ɓullo da tsarin maɓallai 8, wanda ke bai wa ɗalibi damar zaɓen amsa da wucewa gaba ba tare da linzami ba.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai bita ba ta wuce mutanen da aka gwada aikin a kansu.

Idan ɗalibin jami'a a Kano ko Zariya ya gwada zanensa a kan abokin ajinsa mai babbar waya kuma mai jin Turanci, zai fito da tsarin da ya dace da irinsu kaɗai. Mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, ko matar auren da ke karanta ajami amma ba ta karanta boko, ba su shiga lissafi ba.

Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 ya nuna illar hakan, lokacin da tilas ta sa jama'a komawa ga tura kuɗi ta waya, kuma da yawa sai sun miƙa wayarsu ga wani ya yi musu.

Akwai kuma fargabar bitar ta zama koyon manhajar zane irin su Figma kawai, a raba takardar shaida, kowa ya kama gabansa.

Amma jami'o'i na da dama a hannunsu. Sabuwar manhajar karatu da hukumar NUC ta fitar a watan Disamban 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta.

Abin jira a gani shi ne ko za su yi amfani da wannan gurbi su fitar da ɗalibai daga aji zuwa kasuwa da asibiti da tashar mota, inda masu amfani da manhajojin suke.