Araha Ba Ta Ado: Wane Allon Kwamfuta Ya Dace Da Tambuwal Da Kebbe?

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, wannan na'ura ta zama abin neman abinci a garuruwanmu. Matasa a Tambuwal da Kebbe suna buɗe shagunan buga takardu da cike fom, wasu kuma ɗakunan wasan ƙwallo na kwamfuta. Tambayar da ɗalibaina 'yan wannan yanki suka fi yi mini ita ce: da ɗan jarin da ke hannu, wane madabod za a saya?

Madabod shi ne babban allon da ake dasa duk sassan kwamfuta a kansa. A jikinsa akwai wani ɗan guntu da ake kira cifset, wanda aikinsa ya yi kama da na sarkin tasha: shi ke tsara zirga-zirgar bayanai tsakanin furosesa da ma'ajiya da kafofin USB. Sunansa, irin su H610 ko A520, shi ke gaya maka wane furosesa allon zai karɓa, da kuma iyakar gyaran da za ka iya yi masa gobe.

Tarkon farko shi ne gwanjo. Kasuwa cike take da tsofaffin alluna masu H61 da H81, kuma farashinsu na jan hankali. Sai dai Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance yana buƙatar furosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama. H61 na zubi na 2 da na 3 ne, H81 kuma na 4. Wanda zai riƙa shigar da lambobin NIN da BVN na jama'a a na'urar da ba ta samun sabon kariya, amanar mutane yake wasa da ita.

Ga mai aikin ofis, shawarata ita ce H610 na Intel ko A520 na AMD. H610 yana ɗaukar furosesa na zubi na 12 zuwa na 14, kuma Core i3-12100 ya wadatar da duk aikin rubutu da intanet. A520 kuwa yana tafiya da Ryzen 5 5600G, wanda ke da injin hoto a cikinsa, har ya iya ɗaukar wasanni marasa nauyi. A kula da harafin ƙarshe: furosesan Intel mai F, kamar 12100F, ba ya nuna hoto sai an saya masa katin hoto daban, kuma kuɗin katin kan cinye duk rangwamen da aka samu.

Mai ɗakin wasa da ke da niyyar sa katin hoto mai ƙarfi shi ne kawai ya kamata ya haura zuwa B550 ko B760. Waɗannan sukan zo da ramuka huɗu na RAM maimakon biyu, da ƙarin gurbin ma'ajiya mai sauri. Cifset da kansa ba ya ƙara wa wasa gudu. Ƙofar faɗaɗawa kawai yake buɗewa. Biyan kuɗin ƙofar da ba za ka shiga ba asara ce.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, a ƙasar Sakkwato ba ƙarancin sauri ke kashe kwamfuta ba. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, da wutar da ke hawa da sauka, su ne ajalinta. Don haka rarar da ka samu tsakanin A520 da B550, zuba ta a sitabilaiza, da akwatin wuta mai inganci, da ma'ajiyar SSD, da RAM na gigabait 16. Zaɓi allo mai ƙarfen sanyaya a gefen furosesa, ka kuma riƙa kakkaɓe ƙura a kai a kai.

A tuna kuma, Tambuwal tana da nisan kusan kilomita 100 daga birnin Sakkwato, Kebbe ta fi haka. Duk ranar da allo ya ƙone, kuɗin mota da cinikin kwanaki sun tafi. Saboda haka kada ka biya sai an kunna na'urar a gabanka, an rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan allon da wa'adin garanti.

Allah ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa.