Aikin Kunne Da Aka Mayar Na Ido

Kwana biyu an ji ni shiru, wallahi hidimomi ne suka yi yawa. Yau ma ba don wani abu da ya tsaya mini a rai ba, da sai bayan salla za a ji ni. Maganar kaset-kaset ce, da ƙanena makaho, da wata manhajar kwamfuta da muka zuba wa kuɗi ta ƙi yi masa magana.

Duk wanda ya tashi a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko wata unguwar Hausawa a ƙasar nan ta kudu kafin zuwan wayar salula, ya san matsayin kaset a wurin iyayenmu. Yawancinsu ba su rubuta boko, ajamin ma ba kowa ba. Idan mutum na son aika saƙo gida, sai ya zauna gaban rikoda ya yi sallama, ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ke tafe da shi, a ba direban motar goro ya kai. Bayan mako uku ko wata guda amsa ta dawo, har da kukan zakara da ƙarar turmi a bayan muryar tsohuwa. Haka aka riƙa ɗaukar tafsirin azumi da wa'azin malaman da yanzu sun riga mu gidan gaskiya. A masallacin layinmu kaɗai mun tarar da kwali uku na irin waɗannan kaset. To, mai karatu ya san iskar Legas. Danshi ne dare da rana. Da muka buɗe kwalayen, wasu sun yi fumfuna fari fat, wasu zaren ya manne, wasu ɗan audugar nan da ke danne zare a kan bakin rikoda ta faɗi. Waɗanda suka rage da rai kuwa, sautinsu na ta raguwa kowace shekara.

Da kwamitin masallaci ya yanke shawarar a juye su cikin kwamfuta, babu wanda ya yi jayayya kan wanda za a ba aikin. Ƙanena ne. Hawan jinin ido ya tafi da ganinsa yana saurayi, ya je ya koyi kwamfuta, kuma a duk unguwar babu mai kunnensa. Na sha gani da idona: a sa kaset, mu muna jin magana kawai, shi sai ya ce, "Yaya, wannan rikodar bakinta ya karkace, ka ji yadda harafin sin ke dushewa?" A juya ɗan kusan da ke daidaita bakin, sai ka ji murya ta washe kamar an buɗe taga. Ko ya ce wannan gunjin na wutar NEPA ne, wancan kuma na janareta. Gaskiyarsa kuwa, domin wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gunjin da take bari a kaset yana zama daidai nan, da ninkinsa a 100 da 150. Na janareta shi ne ke hawa da sauka yadda injin ya ga dama.

Watakila wani ya ce, to yaya makaho ke sarrafa kwamfuta tun farko? Akwai manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar kwamfuta da murya, mu a gida makaranci muke ce mata. Ba ya taɓa ɓeran kwamfuta, komai da maɓallan allon rubutu yake yi. Wadda ta fi daɗewa da suna ita ce JAWS, wadda wani Ba'amurke mai suna Ted Henter ya samar. Ɗan tseren babur ne da ya makance a haɗarin mota a 1978, kuma nau'inta na Windows ya fito a 1995. Sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka. A 2006 wani matashi makaho a Ostareliya, Michael Curran, ya fara gina NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare, suka bayar da ita kyauta. Ita ce ƙanena ke amfani da ita. Masu kayan Apple kuma suna da VoiceOver a cikin na'urarsu, tun 2005 a kwamfuta, tun 2009 a wayar iPhone.

Amma ga inda mutane ba su gane ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Makarancin nan ba ido gare shi ba. Tambaya yake yi. Duk abin da ka sauka a kai, sai ya tambayi babbar manhajar kwamfuta: mene ne wannan, yaya sunansa, a wane hali yake? Idan wanda ya gina manhajar ya yi amfani da maɓallan da aka saba, ya kuma raɗa wa kowanne suna, sai amsa ta zo, makaho ya ji. Idan kuwa zana maɓallan ya yi da hannunsa don su yi kyau a ido, bai sa musu suna a ciki ba, to makaranci bai da abin faɗa. Kamfanin Microsoft ya tanadi hanyar yin wannan tambaya da amsa tun 1997. Ke nan ba sabon ilimi ba ne da za a ce ba a kai gare shi ba.

Mu dai ba mu san duk wannan ba. Wani bawan Allah cikin 'yan kwamiti, da kyakkyawar niyya, ya ji an ce akwai wata manhajar gyaran tsohon sauti da ƙwararru ke yabo, mai cire tari da ƙarar ƙofa daga tsakiyar magana. Ya sa aka cire kuɗi daga asusun masallaci aka saya. Ba zan faɗi sunanta ba. Ranar da aka ɗora ta, muna zaune mu huɗu a ɗakin ƙanena, ya buɗe, ya fara latsa maɓallin zagayawa. Makarancin ya ce, da Turancinsa, "maɓalli". Ya sake latsawa: "maɓalli". Na uku ma haka. Daga nan sai shiru. Mu muna kallon fuskar kwamfuta ta cika da launuka masu ƙyalli da ƙananan marfuna kamar na rediyon da, shi kuwa kamar an sa shi a ɗakin da ba a gaya masa inda ƙofa take ba. Ya gwada dabarar da NVDA ke da ita ta ɗaukar hoton fuskar ta gane rubutun da ke jiki. Ta karanto masa 'yan kalmomi, amma marfin da ake murɗawa da ɓera ba ya murɗuwa da sanin sunansa. Alhajin da ya kawo shawarar ya ce, "To Malam, ko a samo yaro mai ido ya riƙa danna maka?" Ƙanena ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai da yaron za ku ba aikin." Na san wannan murmushin tun muna yara, ba na daɗi ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, aikin nan na kunne ne. A zamanin da ake gyaran sauti da zare, mutum yana murɗa faifan zaren da hannu yana saurare har ya kai wurin da yake so, ya yanka da reza ya liƙa. Makaho na iya yinsa, tun da kowane marfi yana nan a hannu, ka shafa ka san inda ya tsaya. Da kwamfuta ta zo sai aka mayar da sauti zane. Su manhajojin ceto tsohon sauti ma sun fi tsananta abin, domin ginshiƙinsu wani hoto ne da ke shimfiɗa lokaci daga hagu zuwa dama, kaurin sauti da sirantakarsa daga ƙasa zuwa sama, ƙarfinsa kuma a nuna da hasken launi. Mai gyara ya hango tari kamar tabo, ya kewaye shi da ɓera, ya goge.

A nan zan yi wa masu yin manhajar adalci. Hoton nan dabara ce ta gaske, kuma babu makarancin da zai iya karanta shi da baki ya yi ma'ana. Na yarda. Sai dai tabon da mai ido ke kewayewa, a wurin kwamfuta lambobi huɗu ne kacal: inda ya fara, inda ya ƙare, iyakarsa ta ƙasa da ta sama. Me zai hana a ba mutum gurabe huɗu masu suna ya rubuta lambobin, da maɓalli guda da zai jiyar da shi abin da ya zaɓa shi kaɗai? Kunnen ƙanena zai gano tabon. Ba a ce su sake gini daga tushe ba. Wasu kuma kan ce makafi masu wannan sana'a ba su da yawa, ba za su mayar da kuɗin aikin ba. To yaya za su yi yawa alhali an rufe ƙofar tun daga zaure?

Hujjata cewa abin mai yiwuwa ne, ita ce manhajojin da ƙanena ya koma musu, waɗanda ko dai kyauta ne ko kuma kuɗinsu kaɗan. Akwai Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta a 2000. A nau'in da yake aiki da shi, yana sauraren kaset sai ya latsa maɓalli ɗaya ya sa alamar farko, ya latsa na kusa da shi ya sa ta ƙarshe. Idan zai rage shuuu ɗin nan na kaset, sai ya nemo gurbin da malam ya yi shiru yana jiran alaramma ya ja baki, ya ce wa manhajar ta ɗanɗana wannan ƙarar, sannan ya sa ta rage irinta a duk karatun. Idan aka zarce, murya kan koma kamar mai magana a cikin randa, kuma kunne ne kaɗai ke sanin inda za a tsaya. Sai REAPER, ta Justin Frankel, mutumin da ya yi Winamp da muka riƙa jin waƙoƙi da ita a shagunan intanet. Ana gwada ta kwana 60 kafin a biya, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. James Teh ɗin nan na NVDA ya rubuta mata wani ƙari mai suna OSARA, kyauta, wanda ke sa ta faɗi duk abin da ake yi. Har yana iya jero wa makaho marfunan wasu ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, ko da fuskarsu zane ce, ko da yake wani lokaci lamba tsurarta zai ji, sai ya lalubo ma'anarta da kunne. Haka kuma JUCE, wani tubalin da masu gina manhajojin sauti da yawa ke ɗora aikinsu a kai, ya ƙara hanyar magana da makaranci a 2021. Wanda ya gina a kansa ya bar maɓallansa ba suna bayan wannan, sai dai ya nemi wani uzurin.

Yanzu bari in juyo gida, don ba Turawa kaɗai ke da laifi ba. Mu ne muka saya ba mu tambayi mai aikin ba. Mutum huɗu suka zauna suka yanke shawara kan kayan aikin makaho, babu wanda ya ce a kira shi. Kuma na san dalili, ko ba a faɗa ba. A unguwanninmu na kurmi mun saba da ganin makaho a bakin masallaci da ɗan jagora, muna da sarkin makafi, muna ba da sadaka ranar Juma'a, muna ganin mun sauke nauyi. Wanda ya zo da sana'a a hannunsa sai mu rasa inda za mu ajiye shi. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, aka kafa hukuma a 2020. Madalla. Amma dokar Abuja ba za ta tilasta wa mai rubuta manhaja a wata ƙasa ba, kuma ba za ta shiga taron kwamitin masallacinmu ba. Wannan namu ne.

Don haka ga roƙona ga masu ɗakunan ɗaukar sauti a unguwanninmu, da ƙungiyoyin da ke ɗaukar tafsiri, da makarantun Islamiyya masu sayen kwamfuta. Kafin ku biya kuɗi, ku nemi nau'in gwaji. Ku sa NVDA, ko a ɗan filashi ma tana tashi. Ku kashe fuskar kwamfutar, ku ture ɓeran gefe, ku ga ko za ku iya buɗe sauti, ku yanka, ku adana. In akwai makaho mai ilimin kwamfuta kusa, shi za ku ba kujerar. In ta ƙi magana, ku rubuta wa masu ita ku gaya musu dalilin da ya sa kuka fasa saye. Mu ma mun rubuta, ko da yake bayan mun biya ne.

Akwai kuma matsalar harshe, da zan ɗan taɓa in wuce. Muryar da ke kwamfutarsa da lafazin Turanci take karanta komai, har sunayen malamanmu da na surori, wani lokaci sai mun yi dariya. Shi ya saba. Amma ina tunanin alarammomi makafi da ke da Alƙur'ani a ka da kunne kamar me, ba su da Turanci. Yaranmu da ke karanta ilimin kwamfuta a jami'o'in Legas da Ibadan, ga aiki nan yana jiranku.

Zuwa daren jiya ƙanena ya gama kwali ɗaya da rabi. A cikin na biyun ne muka ci karo da kaset ɗin da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗauka zai aika gida bai aika ba. Gunjin wuta ya fita, shuuu ɗin ya ragu. Saura wuri guda, inda wata mota ta danna oda daidai lokacin da yake faɗin sunan wanda ya bar wa amanar gonarsa. Wannan sai da waccan manhajar mai hoto. Mun shirya ranar Asabar bayan la'asar zan zauna in riƙe ɓeran, shi yana gaya mini in yi sama ko in yi ƙasa. Wanda kuma ke da tsohuwar rikoda mai lafiya a ajiye, don Allah ya taimaka mana da aro, tamu ta fara cin zare. Wassalam.