Kada Ƙwaya Ta Maye Gurbin Hutu: Shawara Ga Masu Zuwa Gudun Fanfalaki Da Iyalansu

A ƙarshen kakar bara wani saurayi daga wani ƙauye da ke gefen Dambatta ya zo tagar da nake ba da magani, ya miƙo mini takarda da rubutun hannunsa: diclofenac, tramadol, da "maganin ƙara ƙarfi". Na tambaye shi wa ba shi da lafiya a gida. Ya ce, "Yaya, lafiya lau muke. Gudun fanfalaki zan je Legas." Shirinsa shi ne ya hau mota daga Kano ranar Alhamis da yamma, ya isa Juma'a, ya karɓi lambarsa, ya kwana a tasha, ya yi gudu Asabar da asuba, ya kamo hanyar gida da azahar. Mahaifinsa ya sayar da buhun gyaɗa biyu, kuma kuɗin ba su kai na masauki ba. Giɓin da rashin masauki ya bari, shi yake so ƙwayoyin su cike.

Ban ba shi ko ɗaya ba, kuma ina ganin duk gidan da ke da ɗa mai irin wannan buri ya kamata ya ji dalili.

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan nisan Kano zuwa Bichi. Gasar Legas, wadda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yin ta, lokacin da mu nan muke cikin busasshiyar iskar hunturu. Ɗan da ya yi atisaye a kan burtalin gonakinmu ya saba da gumin da ke bushewa nan take, ya sanyaya masa jiki. A bakin teku iska cike take da danshi, gumi ya yi ta zuba bai bushe ba, zafin jiki kuwa ya yi ta hauhawa. Jiki yana iya sabawa da wannan, amma sai ya ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya sauka jiya bai saba da komai ba, don haka dole ya rage saurinsa tun daga farko, ko ya faɗi a kan gada.

Ga kuma zaman mota na kusan kilomita 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2007 cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Matafiyi kan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matse shi a hanya, sai ya isa da ƙarancin ruwa tun bai ɗaga ƙafa ba. Komawa gida da azahar ta fi zuwan muni, domin a lokacin tsokoki sun ji rauni, jini ya yi kauri, ga shi za a naɗe ƙafafu na tsawon dare guda. Idan ƙwaurin ƙafa ɗaya ya kumbura yana zafi bayan tafiya, ko numfashi ya soma sarƙewa da ciwon ƙirji, a wuce asibiti kai tsaye, kada a tsaya murza man zafi.

Yanzu ga inda aikina ya fi shafa. Diclofenac da ibuprofen suna rage ciwo ta hanyar toshe wasu sinadarai da jiki ke samarwa, kuma waɗannan sinadaran su ne ke buɗe hanyar jini zuwa ƙoda a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci. Mai gudun da ya haɗiye su kafin a busa usur ya rufe wa ƙodarsa ƙofa a ranar da ta fi bukatar jini. Suna kuma iya ƙwarzane ciki har ya yi jini. Idan bayan gudu fitsari ya koma launin shayi mai kauri, ko ya ƙi zuwa, alama ce tsoka ta farfashe tana cutar da ƙoda. Wannan ba gajiya ba ce da barci zai warkar. In ciwon jiki ya dame shi bayan ya gama, paracetamol ya wadatar, kada ya wuce giram 4 a rana, a kuma duba magungunan mura domin da yawansu na ɗauke da shi.

Tramadol kuwa masifarsa biyu ce. Yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana kawo jiri, yana iya jawo farfaɗiya. Sannan daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Ga masu burin ƙetare iyaka, su je Dubai ko Riyadh, abin ya wuce batun kora daga gasa. Ƙasashen nan suna ɗaukar tramadol da codeine a matsayin magungunan da ake tsare da su, kuma wanda aka kama da su a filin jirgi ba tare da takardar likita da izini ba yana iya ƙarewa a gidan yari. Iyaye, ku buɗe jakar ɗanku ku duba, kuma kada ya karɓi saƙon magani daga kowa, ko da ɗan'uwa ne. Katin rigakafin shawara shi ma a nema da wuri, domin sai bayan kwana goma da allurar yake aiki. Agogon Dubai yana gaban namu da awa uku, na Saudiyya da awa biyu. Gudun ƙarfe shida na safe a Dubai, a wurin jikin ɗan Kano ƙarfe ukun dare ne.

Akwai kuskuren da masu son alheri kan jawo. Don tsoron ƙishirwa sai mai gudu ya yi ta ɗirkar ruwa zalla a kowace tasha, har gishirin jininsa ya tsinke. Alamarsa ciwon kai, amai, kumburin yatsu da ruɗewa, kuma yana kisa. A sha gwargwadon ƙishirwa. Ƙunshin ruwan gishiri da sukari, wanda muke ba yara masu gudawa, ya fi kowane "maganin ƙara ƙarfi" amfani a jakarsa.

Abu biyu nake roƙo a yi tun a gida. Na farko gwajin jini don sanin rukuninsa. Kusan ɗan Najeriya ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, kuma ko da yake yawancinsu lafiyarsu ƙalau, matsanancin gudu cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da su farat ɗaya. Wannan bai hana shi wasa ba, sai dai ya wajaba ya san kansa, ya tsaya da zarar ƙafafunsa sun yi sanyi ko numfashi ya gagara. Na biyu, in zazzaɓi ya kama shi a makon tafiya, a gwada cizon sauro, a kuma haƙura da gasar bana, ko an riga an biya kuɗin rajista.

Na san abin da wani magidanci zai ce: mu da muke yini a gona cikin rana, gudun awa huɗu ne zai gagare mu? Ai manomi yana tsayawa ya sha fura a inuwa, ya yi sallah, ya koma. Mai tsere ba ya tsayawa, ga ihun jama'a yana tunzura shi. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma a nan nawar tana iya zama wankin ƙoda. Haka nake faɗa wa dattawanmu masu zuwa Umara da ke son su sauka daga jirgi su zarce ɗawafi da safa da marwa, wanda shi kaɗai ya haura kilomita uku: ku fara yin barci, musamman masu hawan jini da ciwon sukari.

Ra'ayina a fili yake. In kuɗi ba su isa kwana biyu kafin gudu da kwana ɗaya bayansa a kan shimfiɗa ba, to ba su isa tafiyar ba. Saurayin nan na Dambatta mun zauna mun yi lissafi, sai ya tuna yana da kawu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ya kira shi a gabana, ya mayar da tafiyarsa ranar Talata, ya tafi da ƙunshin ruwan gishiri da sukari guda huɗu.