Ɗalibin Wudil A Ƙofar Manaja

Jama'a, malamai da 'yan kasuwa, maganar yau a kan 'ya'yanmu ce masu karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta soma aiki a 2001, aka kuma sake mata suna a 2022 ta zama Jami'ar Aliko Ɗangote. Mazaunin Sabon Gari ya san lokacin da waɗansu ɗakunan haya kan yi tsit, ɗalibai sun bazu neman wurin koyon aiki. Ba ganin dama ba ne. Tun 1973 hukumar ITF ta kafa tsarin nan da ake kira SIWES, watau ɗalibin injiniya ko na kimiyya ya bar aji ya yi kamar wata 6 a masana'anta ko ofis, yana rubuta aikinsa a littafi, a ba shi maki. Jami'a takan ba shi wasiƙa, amma wurin, galibi shi zai nemo da ƙafarsa. Ga shi kuwa masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun rufe, saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje. Masu nema sun yawaita, ƙofofi sun ragu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ku 'yan kasuwa kun san yadda ake yarda da mutum. Ran Juma'a a karar Wudil, baƙo yakan sayar da sansa ne ta hannun dillalin da ya tsaya masa. A Kantin Kwari ba a damƙa wa yaro mabuɗin shago sai wani dattijo ya ce ya san ubansa. Watau wani ne ke magana, yaro ya sunkuyar da kai, kunyarsa ita ce shaidarsa. Amma a ofishin manaja babu dillali. Wataƙila manajan Ba'indiye ne ko Bayarabe, bai san uban kowa ba, minti biyar kaɗai zai ba yaro. In ya tambaye shi abin da ya iya, yaro ya dubi ƙasa ya ce kome aka ba shi zai yi, mu a gida sai mu ce ladabi, shi kuwa manaja sai ya ce wannan bai san kome ba. Ashe tarbiyya mai kyau ta kā da yaro, domin ba wanda ya gaya masa yadda ake shiga wannan zaure.

Ba cewa muke yi ya zubar da kunya ba. Ya yi sallama, ya dakata a nuna masa kujera, sa'an nan ya ɗaga kai ya faɗi sunansa, da fannin da yake karantawa, da abin da hannunsa ya taɓa yi, ko gyaran janareta ne a unguwa, ko riƙon littafin bashi a shagon ubansa. Abin mamaki, wannan na ƙarshe yara kan ɓoye shi, wai ba aikin boko ba ne, alhali kuwa wanda ya riƙe dukiyar wani shekara uku ba a nemi kwabo an rasa ba, yana da hujjar da kowane manaja ke nema.

Tufafi ba su da wuya. Kaftani wankakke da hula sun isa, ba sai an aro kwat ba, sai dai babbar riga ba ta kusantar inji. Lokaci ne abin tsoro. Tsakanin Wudil da Kano kimanin kilomita 40 ne, motar tasha kuwa ba ta tashi sai ta cika. Wanda aka ce wa ƙarfe tara, ya kama hanya da sallame asuba.

Ku kuma malamai, ku kuka san darajar rubutu, ku duba takardun 'ya'yanku. Muhammadu a shaidar sakandare, Mamman a wasiƙar neman aiki, wani suna dabam a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa iri biyu! Akawu ba ya gardama da irin wannan, ajiye ta yake yi a ƙarƙashin tari, tun manaja bai ga fuskar yaron ba.

Saura ƙorafi guda, a kan iyaye. Akwai mai amfani da sanayyarsa a buga wa littafin ɗansa hatimi, yaro yana kwance a gida wata shida. Maki dai ya samu. Amma ran da ya gama bautar ƙasa ya zauna gaban mai ɗaukar aiki na sosai, za a tambaye shi wane inji ya taɓa kunnawa a wurin nan da hatiminsa ke kan takarda, uban kuwa ba ya cikin ɗakin.