Ciwon da Ke Ɓuya In Likita Ya Zo

Ɓacin na'ura da ya fi wahalad da gwani shi ne mai zuwa yana komawa. Ofis yana da babbar kwamfuta, watau rumbun da ma'aikata duka ke ɗiban takardunsu. Da sassafe ya buɗe, da hantsi ya ƙi, gwani na isowa kuwa sai a ga lafiya lau.

Galibi akan ɗora wa rumbun laifi, har a sayi sabo. Wannan gaggawa ce. Ran 1 ga Fabrairu 2008 wayar ƙarƙashin teku mai suna FALCON ta tsinke kilomita 56 daga Dubai, kwana biyu bayan waɗansu biyu sun tsinke kusa da Iskandariya ta Masar. Masu gyara suka tarad da ƙarfen tsai da jirgi yashe a wurin, nauyinsa ya fi tan 5. Saƙonni suka cunkushe a sauran wayoyi. Wanda rumbunsa ke ƙetaren teku sai takarda ta buɗe masa yanzu, an jima ta ƙi, alhali rumbu bai yi kome ba.

Kamata ya yi, kafin a taɓa na'ura, a yi mako guda ana rubuta sa'ad da ta ƙi, da wanda ta ƙi wa, da yawan masu nema. In ƙin yana bin cunkoso, a fara duba hanya.