"Babu netwok": laifin sabis ne ko rashin mai gyara?

A gaban tagar ofishin karɓar kuɗi ko teburin mai POS a Maƙera, amsar da aka fi ji idan aiki ya tsaya ita ce "babu netwok". Mutum ya rufe shagonsa, ya yi awa biyu a layi, ya koma gida hannu rabbana. Amma sau da yawa sabis ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya cije shi ne rumbun adana bayanai, inda sunan mutum da lambarsa da lissafinsa suke.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna da dama suka riƙa sandarewa. Dalilan suna da yawa, amma darasin a fili yake: tsarin da ke tafiya daidai da mutum dubu zai iya durƙushewa idan miliyan suka taso masa.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan aka nemi suna ɗaya a rumbu mai sunaye miliyan 1 kuma babu fihirisa, kwamfuta za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar akawun da ke duba rajista shafi-shafi. Idan akwai fihirisa, matakan ba za su wuce 20 ba. Sai dai fihirisa idan ta yi yawa, shigar da sabon bayani yana yin nauyi, domin kowacce sai an sabunta ta. Haka kuma aiki ɗaya zai iya riƙe wani bayani, sauran su yi ta jira a bayansa. Gano wanne ne ya faru, da gyara shi ba tare da an ɓata komai ba, shi ne aikin mai kula da rumbun bayanai.

Abin da ya zama ruwan dare shi ne, da an ga jinkiri sai a ce a sayo babbar kwamfuta. Kuɗi su fita, bayan wata shida matsalar ta dawo. Alhali manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL suna da umarnin EXPLAIN, wanda ke nuna hanyar da rumbun ya bi wajen nemo amsa, kuma suna iya rubuta jerin tambayoyin da suka fi cin lokaci. Kyauta ne, mai iya karantawa ake nema.

Maƙera, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, ta san darajar mai gyara. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, yankin ya rayu da makanikan da ke gane ciwon inji daga ƙararsa. Masaƙar ta rufe a 2002, amma injinan yau, na asibiti da na haraji da na makaranta, su ma suna buƙatar mai kunne irin wancan.

Wannan ilimi kuwa ba a gama shi ranar karɓar takardar difloma. PostgreSQL kaɗai tana fitar da sabon babban zubi duk shekara, kuma shekara 5 take kula da kowanne. Wanda ya tsaya a kan abin da ya koya a aji, aikin zai wuce shi.

Saboda haka ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna su riƙa ba ɗalibai rumbu mai ɗimbin bayanai da gangan aka lalata, su gyara, maimakon misali mai layi goma. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 shi ma ya ba wannan fanni gurbinsa. Ma'aikatu da kamfanoni kuma su ware wa ma'aikatansu lokacin karatu da kuɗin jarrabawar ƙwarewa, su tanadar musu rumbun gwaji da aka ɓoye sunayen mutane a ciki, domin dokar kare bayanai ta 2023 ba ta yarda a yi wasa da sirrin jama'a ba.

Duk shugaban da aka kawo wa takardar sayen sabuwar na'ura, ya fara tambaya: yaushe rabon da a duba rumbun da ake da shi, kuma yaushe rabon mai kula da shi da zuwa kwas?